Tafintan da Ya Zo Furfuri

Daga Uwaisu, a Gusau, zuwa ga Saude, a Furfuri

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Wannan takarda daga ƙaninki Uwaisu ce zuwa ga Yaya Saude. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Attahiru da yara. Ki durƙusa ki gaida min Inna Hajjo, ki ce mata ɗanta na Gusau bai manta da furar da take dama masa ba lokacin da yake karatu a zauren mahaifinki marigayi Baba Malam. Yaya idon nata? Mu nan lafiya lau, sai maiɗakina Shafa'atu da ta yi fama da ciwon haƙori, shi ma ya lafa.

Bayan haka, ina sanar da ke ba zan samu zuwa yankan gero ba kamar yadda na yi alkawari. Wasu Turawa sun sauka kusa da Tsafe. Ba na gwamnati ba ne, ba kuma masu sayen gyaɗa ba. Turawan mishan ake ce musu, masu kira zuwa addinin Nasara. An hana su wa'azi a garuruwan Musulmi, amma an yarda su zagaya gidajen Maguzawa da ke gindin duwatsu, su duba ko akwai inda za a karɓe su. Di'o, Baturen mulki, ya ce a ba shi malami guda da zai je ya zauna kusa da su, ya ga abin da suke yi, ya dawo ya faɗa. Aka duba cikinmu masu rubutu a ofis, aka ce ni.

Ban so ba, amma ba a tambaye ni ba. An ce akwai mace cikinsu mai ba da magani. In na ga abin nata na gaske ne zan tambayar wa Inna na ido. Labbo mai gishiri yana bin hanyar Tsafe da jakunansa, in kin ba shi amsa za ta same ni. Allah ya sada mu da alheri.

Daga Saude zuwa ga Uwaisu

Zuwa ga ƙanena Malam Uwaisu, bayan sallama. Takardarka ta iso, na karanta wa Inna da maigida. Kowa lafiya. Gero ya yi kyau bana, sai dai tsuntsaye sun dame mu a gonar bakin rafi. Ka gaida Shafa'atu, ka ce ta riƙa kurkure baki da ruwan kanwa mai ɗumi.

Idon Inna yana nan yadda ka bar shi. Tana gane haske da duhu, tana gane mutum in ya yi magana, iyakarsa ke nan. Da na kai wurin da ka ce za ka tambayar mata magani, sai ta ce, "Ki ce mishi ya bari. Ban son komi na Nasara." Kada ka ji haushi. Kai kana ƙarami a lokacin, amma ka sha jin labarin. Shekarar da aka ce Nasara sun taho, gari ya watse, muka yi daji da abin da muka iya ɗauka. Ƙanena Mas'udu bai daɗe da yaye ba, Kawu ne ya ɗora shi a wuya. A bakin gulbi mahara suka faɗa mana, kowa ya yi ta kansa. Kawu an same shi, an yi masa sutura. Mas'udu har yau. Inna ta sani ba Turawa suka ɗauke shi ba, amma a zuciyarta zuwansu da ɓatansa abu ɗaya ne.

Ni dai abin da zan ce maka, ka je ka yi aikin da aka sa ka. Ka kula da sallarka, ka kula da abin da za ka ci. Abin da ka gani ka faɗa yadda ka gan shi, kada ka ƙara musu don a yabe ka, kada ka rage. Kuma ka ba ni labarin macen nan. Ina son in ji wace irin mace ce ke barin garinsu ta zo wanke gyambon Maguzawa. Wassalam.

Daga Uwaisu, a Tsafe, zuwa ga Saude

Yaya Saude, gaisuwa da girmamawa. Ina lafiya, na sauka a gidan wani malami abokin karatuna a cikin gari, kullum da safe in taka zuwa inda Turawan suka kafa laimarsu. Ki gaida Inna da Malam Attahiru.

Su huɗu ne. Akwai babbansu, dogo siriri, mutane sun sa masa Mai Tabarau. Yana ƙoƙarin Hausa, amma takan kuɓuce masa. Ranar da na isa ya tarye ni ya ce, "Sannu da kwana biyu," alhali bai taɓa ganina ba. Akwai macen da kika tambaya, ƙanwarsa ce, ba ta da aure. Daga hantsi har azahar tana zaune a kan akwati tana wanke miki da wani jan magani mai zafi, tana ɗiga wa yara ruwa a ido. Ba ta ƙyamar komai. Na ga ƙafar da ni namiji na kau da kai, ita kuwa ta ɗora ta a cinyarta. Sai kukunsu, sai tafintansu, wanda zan zo kan maganarsa.

Na bi su gidan wani dattijon Bamaguje, Ɗantsoho, wanda duk gidajen gindin dutsen nan ke jin maganarsa. Ya shimfiɗa musu buzu, ya sa aka kawo ruwa, ya saurari Mai Tabarau har ya gama bayani a kan Annabi Isa. Sa'an nan ya nuna ni da sandarsa ya ce, "Kakannin wanga malami sun zo wurin kakannina da irin wagga magana. Mun ba su ruwa sun sha. Ku ma ku sha." Mai Tabarau ya tambaye shi ko zai yarda su gina ɗaki a kusa, su koya wa yara karatu. Ɗantsoho ya ce, "Hanyar taku ta hana giya?" Aka ce masa su dai ba sa sha. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "To mi ya raba ku da malam?" Daga baya ya ce maganin ido yana so, ɗakin kuma sai ya yi shawara da tsofaffi bayan an kai amfani gida. Ba su matsa masa ba. Ban ga sun ba kowa wani abu don ya bi su ba, ban kuma ji sun zagi addininmu ba. Haka zan faɗa.

Yanzu ki nutsu, ki karanta wannan ke kaɗai.

Tafintan nasu Bahaushe ne, ko in ce ɗan ƙasar nan ne, don Hausarsa ta kudu ce, tana da wani lanƙwasa. Bawa ake ce da shi. Zai kusa talatin. Tun ranar farko idona ya tsaya a fuskarsa, saboda tsagarsa irin ta gidanku ce, har da 'yar billen nan a kuncin hagu. Goshinsa kuma in ya sunkuya yana sauraro, wallahi sai na ga kamar Baba Malam.

Wata la'asar muna zaune gindin ƙanya, na tambaye shi garinsu. Ya ce bai sani ba. Ya ce yana ɗan ƙarami sojan Turawa suka tare wani ayari a hanyar kudu, suka kwance mutanen da ke ɗaure, shi yana cikinsu. Ba wanda ya san uwarsa ko ubansa, shi ma bai iya faɗin sunansa ba, sai aka bi shi da Bawa. Aka kai shi gidan da ake renon yaran da aka 'yanta, daga nan ya girma a hannun Turawan mishan, ya yi karatunsu, ya shiga addininsu. Yana da mata da 'ya guda a can. Ya nuna min idon sawunsa, tabon marin ƙarfen da aka ɗaure shi da shi yana nan har yau. Ya ce da aka ce za a zo Zamfara shi ya roƙa a taho da shi, don wani wanzami ya taɓa duban fuskarsa ya ce masa, "Kai Bazamfare ne."

Na ce masa me yake tunawa. Ya ce kaɗan ne. Rijiya da itace a kanta. Wata mace tana niƙa tana waƙa. Sai ruwa, da mutane suna ihu.

Yaya, ban ce masa komai ba game da Mas'udu. Rijiya da itace kowane gari akwai, masu wannan tsaga kuma sun cika Zamfara. Kada ki gaya wa Inna tukuna. Ki faɗa min ko akwai wata alama a jikinsa da kike tunawa, in duba a hankali. Allah ya nuna mana gaskiya.

Daga Saude zuwa ga Uwaisu

Uwaisu, ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da gajartar gaisuwar.

Labbo ya zame a mashigin gulbi, ruwa ya shiga jakarsa. Takardarka ta iso a jiƙe. Farkonta ya karantu, na ji labarin Baturiyar da na dattijon nan. Amma rabin ƙarshe tawada ta gudu, sai kalma nan kalma can. Na shanya ta, na kai ta rana, na juya ta ta kowane gefe. Ga abin da na iya tsinta: tsaga irin ta gidanku. Bawa. A hannun Turawa. Mari. Sai sunan Mas'udu.

Uwaisu, ashe ƙanena yana raye, kuma bawa ne a hannun mutanen nan? Har da mari? Ba su ne suka ce sun hana bauta ba? Kai kuma kana zaune kana kallonsa kana yaba musu wankin gyambo?

Na ga wurin da kamar ka ce kada a gaya wa Inna, amma na gan shi a makare. Kuka ya riga ya ƙwace min a tsakar gida, ita kuwa kunnenta ya fi na kowa. Ta ce, "Saude, wa ya mutu?" Ban iya yi mata ƙarya ba. Ba ta yi kuka ba. Ta ce a kawo mata mayafinta za ta Tsafe. Da ƙyar maigida ya zaunar da ita, da alkawarin zai tafi Bungudu wurin alƙali ya kai ƙara, a karɓo mana shi.

Ka rubuto da gaggawa. Ka ba wanda ba zai faɗa ruwa ba.

Daga Saude zuwa ga Uwaisu

Malam Uwaisu, sallama. Wata ya kusa mutuwa ba mu ji daga gare ka ba. Labbo ya dawo ya ce ya ba mai masaukinka takardata, amma kai ba ka cikin gari. Ko lafiya?

Maigida ya je Bungudu. Alƙali ya saurare shi, ya ce ba zai tada magana da Turawa a kan takardar da ruwa ya cinye ba, a jira ka dawo. Magana kuma ta fita gari. Mata suna shigowa yi mana barka, wasu jaje, ni ban san wanda zan amsa ba. Inna ta ƙaura da tabarmarta zuwa bakin ƙofa. Duk wanda ya yi sallama a zaure sai ta ɗaga kai. Abinci sai an lallaɓa ta.

Na yi maka magana mai zafi a waccan takarda. In ita ce ta hana ka amsa, ka yafe wa yayarka.

Daga Uwaisu, a Gusau, zuwa ga Saude

Yaya Saude, gaisuwa da neman afuwa. Ba fushi na yi ba. Na bi Turawan zuwa gidajen da ke wajen Kwatarkwashi, can zazzaɓi ya kwantar da ni a bukkar wani Bamaguje. Baturiyar ce ta yi ta ba ni wani farin magani mai ɗaci har na tashi. Sai da na koma Tsafe na tarar da takardunki biyu tare. Na karanta, na ga ɓarnar da ruwa ya yi.

Yaya, ba bawa ba ne. Sunansa ne Bawa. Ɗa ne mai 'yancin kansa, yana da mata da 'ya, aikin tafinta yake yi. Marin da na ambata tsohon tabo ne na ƙuruciya, daga hannun waɗanda suka sace shi, ba Turawa ba. Ki ce wa Malam Attahiru ya bar maganar alƙali. Kuma ban ce Mas'udu ne ba. Cewa na yi yana kama. Ki maimaita wa Inna wannan har ta ji shi sosai. Akwai kuma abin da ruwa ya cinye wanda dole ki sani: a addinin Nasara ya tashi, kuma yana riƙe da shi da gaske. Na ga yadda yake addu'a. Ba don abinci yake bin su ba.

Tun da magana ta riga ta fita, na ga ba daidai ba ne kowa a Furfuri ya sani shi bai sani ba. Na zaunar da shi na ba shi labarin Mas'udu daga farko. Ya saurara har na gama. Sa'an nan ya ce, "Malam, tsohuwar tana da rai?" Na ce tana nan. Ya tashi ya yi tafiyarsa cikin gona, bai dawo ba sai da rana ta yi sanyi.

Da ya dawo ya ce min, "Abu biyu nake tsoro. In na je suka ce ni ne, za su ce in bar abin da na tashi a kai, ni kuwa ba zan iya ba, sai in zama na sake ɓata musu. In kuma suka ce ba ni ba ne, to na koma yadda nake, sai dai yanzu na san yadda ake sa rai." Na ce dai akwai tsohuwa zaune a bakin ƙofa.

Mai Tabarau ya ba shi izini ba tare da gardama ba. Baturiyar ta ba shi kwalbar maganin ido, ta ce ko an karɓa ko ba a karɓa ba ya tafi da ita. Aikinsu a nan ya ƙare. Ɗantsoho ya aiko cewa tsofaffi ba su yarda da ɗaki ba bana, amma mai maganin in ta dawo ba za a kore ta ba. Di'o ma ya ce su koma kudu tukuna. Na ba da nawa bayani yadda na gani.

Na so in rako shi, amma aikin hanyar jirgin ƙasa ya tara mana rubutu, an hana ni motsi. Zai taho da Labbo ranar kasuwa. Ina roƙonki abu guda: ko mene ne ya bayyana, a sallame shi da mutunci. Mutumin kirki ne. Shi ya yi jinyata tare da Baturiyar.

Daga Saude zuwa ga Uwaisu

Zuwa ga ƙanena Uwaisu, gaisuwa mai tarin yawa. Alhamdu lillahi da ka samu sauƙi. Ka riƙa shan kunun tsamiya har ƙarfinka ya dawo. Mu nan lafiya, an gama ɗaurin gero, rumbu ya cika. Ka gaida Shafa'atu.

Baƙonka ya zo, ya tafi. Zan ba ka labari yadda ya faru.

Kafin ya iso sai da muka yi ta kai da kawowa da maigida. Ya ce shi ba ya ƙin baƙo, amma me mutane za su ce in an ji ya kwantar da Nasara a zaurensa? Ya je wurin Liman. Liman ya ce masa baƙo baƙo ne, a ba shi wurin kwana da abinci, sauran a bar wa Allah. Da haka hankalinsa ya kwanta.

Sun iso da azahar. Kafin ya sha ruwa ƙofar gida ta cika, har da masu hawa katanga. Maigida ya kore su, ya shigo da shi. Na leƙa shi ta bayan zana. Ka yi gaskiya da ka ce yana kama, goshinsa sak na Baba Malam. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya zo ya durƙusa nesa da tabarmar Inna, ya gaishe ta da wannan Hausa tasa.

Inna ta ce, "Taho nan." Ya matso. Ta sa hannu biyu ta shafa fuskarsa, ta bi tsagar ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ta taɓa kunnuwansa. Sa'an nan ta cire masa hula, ta kai hannu ƙeyarsa, ta daɗe tana lalube cikin gashi. Ni ban san abin da take nema ba.

Shi ne ya fara magana. Ya ce, "Inna, ni ne?"

Ta ce, "A'a, ɗana. Ba kai ba ne. Mas'udu ya faɗo daga kan turmi yana rarrafe, ƙeyarshi ta lotsa, babban yatsana yana shiga wurin. Irin wannan ba ya cikewa. Kanka lafiya lau yake."

Uwaisu, ban taɓa sanin wannan ba. Ina yarinya lokacin, ita kuma ba ta taɓa faɗa ba.

Ya ɗauki hularsa ya riƙe a hannu, ya yi godiya, ya yunƙura zai tashi. Sai na ga har yanzu hannun Inna yana kan wuyan rigarsa, ba ta saki ba. Ta ce, "Ina za ka? An gaya maka an gama da kai?" Ta ce ya zauna ya ba ta labari tun daga ranar da aka kwance shi. Wa ya ba shi abinci? Wa ya yi masa wanka? Da ya yi ƙyanda wa ya zauna da shi? An doke shi? Ya yi ta amsawa. Ya ce akwai wata tsohuwa Banufiya a gidan renon, ita ke goya shi in yana kuka. Inna ta ce mi sunanta. Ya faɗa. Ta ce Allah ya ji ƙanta, ta sa mu duka muka ce amin.

Da aka kawo tuwo, sai na zuba masa a wata tsohuwar ƙwarya da na ware, don haka maƙwabta suka ba ni shawara. Inna ta laluba ta ji bakin ƙwaryar a fashe, ta ture ta. Ta ce a zuba a akushinta. Ya sunkuyar da kai ya yi addu'arsa irin tasu, ita ta yi bisimilla, suka sa hannu tare. Ni kunya ta kama ni, na koma madafa.

Ya yi kwanaki a wurinmu. Ya taya maigida ɗaukar dammunan gero, ya gyara jinkar ɗakin Inna da ke yoyo. Da la'asar Liman yakan zo zaure su yi ta magana a kan Annabi Isa, kowa ya faɗi nasa, ba a tashi da rigima ba. Liman ya kira shi zuwa Musulunci a fili, ya ce haƙƙi ne a kansa ya faɗa. Shi kuma ya ce ya gode, ya ji, amma yana nan inda yake. Na ji zafin wannan, ba zan ɓoye maka ba, ko da yake ba ƙanena ba ne. Inna ba ta sa baki ba. Abin da ta tambaye shi kawai, ko yana yi wa uwar da ta haife shi addu'a. Ya ce kullum. Ta ce, "To ka riƙa haɗawa da ni."

Maganin idon ma ta yarda, amma ta ce shi zai ɗiga mata da hannunsa. Ba ta fara gani ba, sai dai ƙaiƙayin ya ragu. Ya koya min yadda ake yi.

Ranar da zai tafi ta sa na buɗe tukunyar kayanta, ta ciro zanen saƙi mai shuɗi, ta ce a kai wa 'yarsa Uwani, a ce daga kakarta ta Furfuri. Ya karɓa, ya rufe fuska da shi. Maigida da kansa ya raka shi har bayan gari.

Bayan tafiyarsa na ji tsoro, na ce yanzu Inna za ta kwanta. Washegari ina tsefe mata kai a inuwa, sai ta ce, "Saude, ashe suna girma." Na ce su wa, Inna? Ta ce, "Yaran da aka kwashe. Shekarun nan duka, in na tuna Mas'udu, yaro nike ji yana kuka a bakin gulbi, ba mai ɗaukar shi. Ban taɓa kawowa a raina zai yi gemu ba. Ashe wata na iya goya shi. Ashe yana iya yin mata, ya haihu, ya gyara ma wani jinka." Sa'an nan ta ce in ɗumama mata sauran tuwon jiya, yunwa take ji. Ta cinye tas.

Ta ce a mayar da tabarmarta ɗaki.

In bai riga ya wuce Gusau ba, ka same shi ka ce masa Inna ta ce duk shekarar da suka dawo wurin Maguzawa, ya taho da yarinyar da uwarta. Ta ce kuma in wani ya sake tambayarsa garinsu, kada ya ƙara cewa bai sani ba.

Kai ma muna nan muna jiranka, ko bayan salla ne. Wassalam, daga yayarka Saude.